Ina zan kai yara yawon buɗe ido kusa da Kano?

Malam, tunda ka ce yara sun gaji da Dala da Gidan Makama, ka kai su Rano. Garin manoma ne, amma yana cikin Hausa Bakwai, shi ya sa ake yi wa sarkinsa kirari da Autan Bawo. Duwatsunsa kaɗai sun ishi kallo, wani kan wani kamar da hannu aka ɗora su. Ku sa takalmi mai kama ƙasa, da damina dutsen santsi gare shi.

Daga nan ku zarce dam ɗin Tiga da aka gina zamanin Audu Bako, shi ke shayar da shinkafar Kadawa. Ku fita da sassafe, kafin rana ta take.