Amsar Kawu kan foto da kayan azumi

Wa alaikumus salam ɗana. Saƙonka ya shigo tun daren jiya, na bari sai da na dawo daga masallaci da safe don in amsa maka a natse. Ka ce ku samarin unguwa kun haɗa kuɗi, 'yan uwa na Libiya da Faransa su ma sun turo nasu, kun sayi shinkafa da sukari da mai na azumi, kai kana son a tara mabuƙatan a ƙofar gida a raba a ɗauki foto a sa a Facebook, uwarka ta ce ba a ƙofar gidanta ba, in za a kai a kai gida gida bayan isha'i. Shi ne kake tambaya ta wai wace irin al'ada ce wannan ta ɓoye alheri, kuma wai mai jin yunwa me ya fi so a duniya in ba abinci ba.

Wallahi da na karanta sai da na yi dariya, don na san fuskar da ƙanwata take yi in ta ce ba a gidanta ba, fuskar Inna ce sak. Amma daga baya jikina ya yi sanyi, don na ga da gaske kake tambayar, kuma na san ba kai kaɗai ba ne, tsaranku kusan duk haka suke gani.

Kai ba ka ga 1984 ba, Allah kada ya nuna maka irinta. Damina ta zo ta yi kamar za ta zauna sai ta ɗauke, hatsi ya bushe tsaye a gonaki tun bai fid da kai ba, ga shi kuma a watan Afrilu na shekarar Najeriya ta rufe iyaka, hanyar Kano da muke shigo da dawa da garin rogo ta toshe, shi ya sa har yau tsofaffi ke kiran yunwar nan El Buhari, don Buhari ne ke mulkin Najeriya a lokacin. Mu nan Nijar lokacin Kunce ne ke mulki, ni ina ɗan kolej. Mutanen Damargu da Tanut suka gangaro, Buzaye da Fulani waɗanda bisashensu suka ƙare suka zube a gefen gari, saniyar da a da sai mai hali ke taya ta ta koma ba mai ko kallo a kasuwa. A ƙauye mata na jiƙa anza, 'ya'yan wani icen daji, kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, wasu har gidan tururuwa suke tonawa su kwashe ɗan abin da ta tara. Mu a gidanmu na unguwar Birni a nan Damagaram da sauƙi, don Baba na cikin masu riƙe da tsarin iyayensu, ba ya yarda a taɓa hatsin bana sai na bara ya ƙare, saboda haka rumbunsa na gonar wajen Mirya bai kai ga ƙasa ba tukuna.

To akwai wani dattijo baduku a layinmu, ba zan faɗi sunansa ba kuma kada ka tsaya kana lissafin gidaje. Mutum ne mai tsafta, rigarsa ɗaya ce fara amma kullum a wanke, shi ke gyara kayan dokin wasu daga cikin masu hawan salla a fada, jar fatarsa da yake rinawa da karan dafi har daga nesa ake zuwa nema. To a shekarar yunwa wa ke ta kayan doki, wa ke ta alabe. Ya wuni a zaure da basilla a hannu ba wanda ya leƙo, kuma yana da iyali wajen mutum 10.

Da taimako ya fara zuwa, jar dawa da garin madara da kamyo ke saukewa a mangaza, aka sa mu 'yan samariya, ƙungiyar matasa ta lokacin, muna taya masu unguwa rabo. Ana kiran suna da ƙarfi ne, wane ɗan wane, mutum ya taso daga layi ya buɗe bakin buhunsa a zuba masa, kowa na kallo. Ranar na hango dattijon nan can nesa jikin wata katanga, da wani ɗan buhu a naɗe a hammata ya rufe shi da hannun riga. Ya tsaya ya fi awa. Sai aka kira sunan wani wanda a da yaron shagonsa ne, shi ya koya masa yankan fata, ya taso ya karɓa. Ina duban wajen katangar sai na ga ya juya yana tafiya a hankali kamar wanda dama wucewa yake yi. Aka zo kan sunansa aka kira aka sake kira, shiru.

Da dare na gaya wa Baba. Ni a zatona zai ce in ɗauki kwarya in kai musu, amma bai ce uffan ba, ya ci gaba da jan carbinsa. Sai da safe ya ce in ɗauko gafakar Alƙur'aninsa, tsohuwa ce amma ba abin da ya same ta, ya sa wuƙa ya farke ɗinkin gefe ɗaya a gabana, ya ce mu je. Muka yi sallama a zauren dattijon, suka gaisa doguwar gaisuwa, ina gajiya ina iyali yaya zafi, ba wanda ya ambaci yunwa. Sannan Baba ya miƙa gafakar ya ce ta tsufa, yana son a gyara wannan kuma a yi masa sabuwa, nawa ne. Dattijon ya faɗi kuɗi. Abin da ya ɗaure mini kai, Baba ya ce ya yi tsada! Ya shiga ciniki haiƙan, albarka, a rage, kai ma ka san zamani, shi kuma dattijon ya gyara zama, muryarsa ta dawo, ya ce Alhaji duba fatar nan da kyau, a Majema ma ba ka samun irinta yanzu, ya ja ta ya murza ya kai wa Baba kusa da hanci. Suka yi ta ja har na ƙosa, ni ina tsaye raina a ɓace ina cewa a zuci mutum na kwana da yunwa kai kana neman ragi. Da suka daidaita sai Baba ya ce to amma fa kuɗi sun yi mini wuya a hannu kwanan nan, in ba ka damu ba in biya ka da hatsi. Dattijon ya yi shiru kaɗan, ya ce to ai ba komai Alhaji, tunda kai ne.

Bayan isha'i na kai tiya 6, ta ƙofar baya wajen mata. Kuma daga nan abin bai tsaya ba har damina ta zagayo, yau kube, gobe guga, jibi a sake wa matashin fata baki, aka yi mana takalma mu duka har da uwarka tana 'yar ƙarama, kuma Baba ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya sa liman da wasu mutum 2 a layin su ma suka riƙa tuno da gyaran da ba su da shi. Gidanmu ya cika da kayan fata. Inna kan ce da ta san haka da ta buɗe rumfa a kasuwar Dole, amma ita ce ke auna hatsin kuma tiyarta kullum da tozo.

Kana jin dattijon bai gane ba? Ya gane sarai. Baba ma ya san ya gane. Amma har suka koma ga Allah su biyun ba wanda ya taɓa ɗaga maganar, kuma kowace safiya ya fito zaurensa da farar rigarsa a matsayin mai sana'a, 'ya'yansa suna cin guminsa. Wani ɗansa yau babban mutum ne a garin nan, muna haɗuwa a wajen ɗaurin aure mu gaisa, bai san komai ba kuma ba daga bakina zai ji ba.

Na taɓa tambayar Baba me ya sa ya tsaya neman ragi ranar. Ya ce da na biya yadda ya faɗa da ya san sadaka na kawo. Sannan ya ce ubansa yakan ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa, yunwa kuwa tuwon dare ɗaya ke korar ta. Inna ita tata maganar ita ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Kuma in ka lura duk tsohon da ka tambaya me yake roƙo bayan salla, ba zai ce maka mota ko bene ba, zai ce lafiya da rufin asiri da cikawa da imani, ka je ka gwada a kan duk tsohuwar da ka ga dama daga Zango har Garin Malam. Ba mu muka ƙirƙiro ba ma, a cikin Baƙara Allah ya ce in an bayyana sadaka da kyau, in an ɓoye aka ba matalauta shi ya fi, kuma ya ambaci waɗanda wanda bai sani ba ke zaton mawadata ne saboda kamun kansu. Ka san hadisin mutum bakwai da za su shiga inuwa, har da wanda hagunsa bai san abin da damansa ya bayar ba.

Ka ce mai yunwa abinci kaɗai ya sani. To ka tuna Oktoban 2013, mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da yawa daga nan wajen Kance. Talauci ne ya kore su, ba musu, amma na sha jin matan da suka je suka dawo suna cewa can ba wanda ya san su, can za ka iya miƙa hannu, a gida kuwa gaban surukai da maƙwabta ba za ka iya ba. Mutum ya yarda ya ratsa sahara da goyo don kada a ga hannunsa a miƙe a garinsu, kai kuma kana son ka ɗauki fuskarsa ka watsa wa duniya har jikokinsa su zo su gani, don abin da aka sa a intanet ba ya gogewa.

Abin da ke damuna da zamanin nan ke nan, ba ku kaɗai ba har manya masu rawani. A ba tsohuwa taliya ƙulli ɗaya a ce ta ɗaga sama ta yi murmushi, a ce ta yi godiya a sake don sautin bai fita ba. Na ga wani bidiyo an sa marayu a layi kowa riƙe da kwali mai sunan wanda ya bayar, ranar ban iya cin abincin rana ba. Mu Damagarawa an san mu da jin kai, wasu har gori suke mana, Nasara ya ɗauke babban birni ya kai Yamai tun 1926, ruwan sha ma shekara da shekaru muna bin 'yan ga-ruwa, amma ba a san mu da tallar talaucin juna ba.

Na san abin da za ka ce, waɗanda suka turo kuɗi daga waje suna son su ga shaida, kuma an sha cin amanar irin wannan kuɗi har mutane sun daina yarda. Wannan gaskiyarka ce, kuma a zamanin Baba ba a san wannan matsalar ba don mai bayarwa da mai karɓa duk layi ɗaya suke. Ku ɗauki foton buhunan, ku ɗauki na rasit, ku ɗauki kanku kuna ɗorawa a amalanke in kuna so, liman da mai unguwa su shaida lissafin. Ko hakan zai ishe na Faransa, ku kuka san halin mutanenku, ka yi musu magana ka ji.

Kuma takardar sunayen da kuka rubuta, wa ya ba ku su? Don na tabbata waɗanda suka zo da ƙafarsu suka ce a sa su ne kawai a ciki. Akwai wata a bayan gidanku, mijinta ya rasu bara, tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kullum za ka gan ta fes da lulluɓinta, ko kusa ba za ta bari a rubuta ta ba kuma in kuka aika mata buhu da rana tsaka za ta mayar muku da shi. Ka tambayi uwarka, ta san yadda za a yi da ita, wataƙila ma sai dai ku sayi man buɗa-bakin masallaci a wajenta na watan gaba ɗaya, ku biya tun yanzu. Ka biyo ta gida ranar Juma'a bayan an sauko, ka zo da takardar mu duba tare, akwai gidaje 3 ko 4 da nake son in faɗa maka da baki, ba a waya ba. Ka gaida uwarka, ka ce mata maganin ƙafar da ta aiko ya iso.