Ga ɗan'uwan da ya rasa aiki yana da shekara 46

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka: wata takwas ke nan da kamfaninku ya rage ma'aikata, ka aika takardun neman aiki sun fi a ƙirga, shiru kake ji, har kana tunanin zuba kuɗin sallamarka a kasuwanci. Allah Ya kawo mafita. Hanyar nan na bi ta da ƙafata, shi ya sa na ce bari in tofa albarkacin bakina.

Shekara 19 na yi ina aikin banki. Na tsallake guguwar 2005, lokacin da wa'adin da Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na wancan lokaci, ya ba kowane banki na ya kai jarin naira biliyan 25 ya cika, bankuna 89 suka koma 25, abokaina da dama suka koma gida. Sai na ɗauka na sha. A 2016, da tattalin arziki ya shiga mawuyacin hali, wata Juma'a aka miƙo mini tawa wasiƙar. Ina da shekara 47, ga 'ya'ya shida, babbar tana aji biyu a jami'a.

Shekara guda cur na yi ina tura takardu ta intanet. Tallan da duk ka buɗe, a layin farko za ka ga kada mai nema ya wuce shekara 28 ko 30. N-Power, shirin gwamnati na ba matasa aiki, da aka fara a shekarar ma daga 18 zuwa 35 ne. Sau biyu kawai aka kira ni intabiyu. A na biyun, wanda ke yi mini tambayoyi bai fi sa'an yaran da na koya wa aiki ba, yana ta sunkuyar da kai yana ce mini "Baba". Daga ƙarshe ya ce ƙwarewata ta fi ƙarfin kujerar. Fassarar maganar ita ce ba za su iya biyana ba, kuma ba wanda yake son ya riƙa aiken sa'an yayansa. Ban ga laifinsa ba.

Abin da ya fi cutar da ni kunya ce, ba shekaru ba. Wata biyar ina shiryawa da safe, in fita da mota, in je in zauna a harabar wani masallaci nesa da unguwarmu, don kada maƙwabta su gane. Maiɗakina kaɗai ta sani. Wauta ke nan tsantsa, domin mutanen da za su iya taimaka mini su ne nake ɓoye wa.

Batun kuɗin sallama kuwa, don Allah ka yi a hankali. Ni kiwon kaji na faɗa, saboda kowa na cewa akwai riba. Ban san abincinsu ba, ban san rigakafinsu ba, yaro na ɗauka na bar masa. Cuta ta shiga, cikin mako biyu fiye da rabi suka mutu. Mai albashi yana ganin ciniki kamar wasa ne, alhali ɗan kasuwa tun yana yaron shago ya fara biyan kuɗin makarantarsa. Idan kana da asusun fansho, dokar 2014 ta ba wanda bai kai 50 ba, kuma ya yi wata huɗu ba aiki, damar karɓar kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara. Ka je wa kamfanin fanshonka da wasiƙar sallama. Amma ka sani daga abincin tsufanka ake yanko shi, don haka ni kuɗin makarantar yara na biya da nawa.

Mafitata a wurin ɗaurin aure ta zo. Na haɗu da wani tsohon kwastomana mai harkar riɗi da zoɓo a Dawanau, ya tambaye ni wane reshe nake yanzu. Ranar ne na fara faɗin gaskiya. Ya ce, "Ai kuwa Allah ne Ya haɗa mu." Ashe yana juya miliyoyi, amma lissafinsa yana cikin kansa da 'yan guntayen takardu, banki ya hana shi bashi don ba shi da rubutaccen komai. Na tsara masa littafin shiga da fita, na yi masa rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, na daidaita masa batun haraji. Shi ya kai ni wurin maƙwabcinsa. Yau 'yan kasuwa biyar nake riƙe wa lissafi.

Ba zan ruɗe ka ba, abin da nake samu bai kai albashina na da ba, kuma da damina yakan ja baya sai kaka ta zo. A kan benci nake zama tsakanin buhuna, ƙura har cikin kunne. Amma ina sallah cikin jam'i, ina cin abincin dare da iyalina, ba mai kirana da dare ya ce ban kawo masu ajiya ba a wannan wata.

Ka ɗauki biro ka rubuta mutum ashirin da suka taɓa ganin aikinka da idonsu, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ƙafa da ƙafa. Kada ka ce a taimaka maka da aiki, ka faɗi abin da za ka iya gyara musu. Ba ka gaya mana fannin da ka yi aiki a kai ba. Idan ka faɗa, wataƙila a cikinmu akwai wanda ya san ƙofar da za ka fara ƙwanƙwasawa.