Tambayoyinku kan fasaha: waya, wutar lantarki da zaɓen murjanin farko a ƙaramin tankin ruwan teku

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jidda, na sayi tankin gilashi mai cin lita 60 don in ajiye kifin teku da murjani mai rai. A Instagram da WhatsApp ina ganin masu sayarwa suna ɗora hotunan murjani masu ƙyalli sosai. Na gwada Google Lens, amma duk gwaji da sunan da yake ba ni. Wanne zan fara da shi, kuma yaya zan gane hoton gaskiya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Hoton ba ƙarya ba ne ɗungurungum, amma ba shi za ka gani a ɗakinka ba. Murjani da yawa suna da sinadarai a jikinsu masu shan shuɗin haske su mayar da shi kore ko ja mai walƙiya. Mai sayarwa ya san haka, sai ya kashe farin haske ya bar shuɗi zalla, ya manna gilashi mai ruwan lemo a bakin kyamarar wayarsa, sannan ya ƙara wa hoton kala kafin ya ɗora. In kana son ka kama shi, bar kallon murjanin, duba abin da ke gefensa: yashi, ko ɗan farin dandamalin da aka liƙa shi a kai, ko yatsan mai riƙe da shi. In yashi ya koma shunayya, yatsa ya yi jawur, an taɓa hoton. Ka ce ya turo maka ɗan bidiyo a ƙarƙashin farin haske, na ainihin guntun da zai ba ka, ba na uwar da aka yanko shi ba.

Shi kuwa Google Lens kamanni yake kwatantawa da hotunan intanet, waɗanda su ma yawancinsu a shuɗin haske aka ɗauke su. Yakan nuna maka dangi, amma kada ka biya kuɗi a kan sunan da ya ba ka.

Murjani dabba ce, a cikin namanta akwai ƙananan halittu dangin gansakuka masu haɗa mata abinci daga haske. Akwai masu taushi, akwai masu gina ƙashin alli. Masu ƙashin nan kullum suna zuƙar sinadarai daga ruwa, kuma a lita 60 ɗan kuskure kaɗan ke jirkita ruwan gaba ɗaya. Don haka da masu taushi ake farawa. Na farko a wurina shi ne Discosoma, wanda ke shimfiɗe a kan dutse, faifai-faifai: ba ya son haske mai ƙarfi, ba ya son ruwa mai gudu, yana yafe kuskure. Sai Sarcophyton, mai kauri da gashi-gashi a sama. Shi wannan yana da halin da ke tsorata sabon shiga: sai ya rufe gashinsa kwana da kwanaki, jikinsa ya yi sheƙi, sannan ya saɓe wata siririyar fata ya sake buɗewa. Saɓa yake yi, kada ka jefar da shi.

Akwai kuma koren nan da 'yan kasuwa ke rubutawa GSP, da Xenia mai buɗe hannuwa tana rufewa. Suna da araha, ba sa saurin mutuwa, amma yaɗo suke kamar ciyawar ƙiri-ƙiri a gona. Ka ba kowannensu dutsensa a tsakiyar yashi, nesa da sauran duwatsu, in ba haka ba nan gaba su kaɗai za ka riƙa gani. In tankin ya yi kamar wata shida lafiya lau, sai ka gwada masu ƙashi marasa rigima irin Duncan da Caulastraea. Acropora, wanda ya fi kowanne yawo a Instagram, bar wa ƙwararru shi tukuna.

Zoanthus, masu kama da ƙananan furanni, su ma na masu farawa ne, amma da sharaɗi. 'Yan'uwansu Palythoa, da wasu daga cikinsu, suna ɗauke da guba mai ƙarfi da ake kira falitoksin, kuma hoto ba ya nuna wanda ke da ita. Sa safar hannu da tabarau in za ka taɓa su, kada ka kankare dutsensu a fili, kada kuma ka taɓa tafasa shi, domin tururin ya sha kwantar da iyali guda a asibiti. In akwai ƙananan yara a gidan, ni dai sai in ce ka haƙura da su.

Kuma tunda kana bakin Bahar Maliya, kada sha'awa ta sa ka ɓallo wani daga teku. Sayi wanda aka raina a tanki, ya ma fi jure zaman gida. Masu ƙashi kuwa suna cikin jerin CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin dabbobi da tsirran da ake karewa, ba a ƙetara iyaka da su sai da takarda. Kada ka sa murjani ko ɗaya sai tankin ya yi sati huɗu zuwa shida yana aiki, awo ya nuna amoniya da naitirait, sinadarai masu guba da ƙazantar tanki ke haifarwa, sun koma sifili.

Tambaya: Malam, na ga manhajoji masu auna haske a Play Store. Za su gaya mini ko fitilar tankina ta isa?

Amsa: Ba za su gaya maka ba, ɗan'uwa. Yawancinsu ma'aunin lux suke bayarwa, wanda aka tsara bisa idon ɗan Adam, idon da ya fi jin kore da rawaya. Fitilar murjani kuwa rabinta ko fiye shuɗi ne, sai waya ta ce maka ba haske alhali murjani na ƙonewa. Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa PAR, mai auna hasken da ake haɗa abinci da shi, kuma a cikin ruwa ake auna shi da na'ura irin Apogee MQ-510. Tana da tsada, ara ake yi ko a yi haya. Masu taushi suna zama lafiya tsakanin 50 da 150, Acropora na neman 200 zuwa sama.

In ba ka samu na'urar ba, fara da ƙarfin fitila ƙasa-ƙasa, awa takwas zuwa goma a rana, kana ƙarawa kaɗan duk mako. Murjanin zai ba ka labari: in Discosoma ya miƙe sama yana lanƙwasa baki, haske yake nema, in ya tsuke ya kwaɗe, ya yi masa yawa.

Tambaya: Malam barka da aiki. Daga Legas nake. Maigidana ya haɗa mana tanki mai lita 80, amma wuta takan tafi awa shida ko fiye. Muna da tsohon UPS na kwamfuta. Zai riƙe tankin?

Amsa: Barka kadai, Hajiya. Ba duka tankin ke buƙatar riƙewa ba. Murjani zai yi kwana biyu ko uku ba fitila bai mutu ba. Abin da ke kisa shi ne tsayawar ruwa: da famfo ya tsaya, iskar da ke cikin ruwan sai ta fara ƙarewa, kifi su fara haki a sama, cikin 'yan awoyi abu ya lalace. Motsin ruwa za ki tsare, ba haske ba.

Ƙaramin UPS yawanci batir ɗaya ne a cikinsa, mai bolt 12 da 7Ah, wato kimanin 84Wh a takarda (Wh ɗaya shi ne watt ɗaya na tsawon awa guda). Daga ciki shi kansa UPS ɗin yana cin rabonsa ko ba a jona komai ba, batirin kuma ya tsufa. An yi shi ne don ya ba mutum 'yan mintuna ya adana aikinsa ya kashe kwamfuta. Ga kuma wata matsala: wutar da masu araha ke fitarwa ba mai santsi ba ce, famfon da ke aiki kai tsaye da wutar gida yakan yi ƙara ko ya ɗau zafi a kanta. In dai za ki yi amfani da shi, jona famfon motsa ruwa kaɗai, ki cire fitila da hita, kuma ki gwada shi da rana kina kallo don ki san iyakarsa.

Abin da ya fi sauƙi shi ne ƙaramin famfon iska mai jonon USB. Yana cin kusan watt ɗaya, fawa banki mai 10,000mAh kuwa tana ɗauke da kusan 37Wh, kin ga ta wuce awa shida nesa ba kusa ba. Sai dai ki lura, wasu fawa bankin sukan kashe kansu in abin da aka jona ba ya jan wuta sosai, suna zaton an cire waya. Jona, ki bar shi awa guda ki gani. Akwai ma famfon iska mai batir a cikinsa, wanda ke ci gaba da aiki da kansa in wuta ta tafi, shi ya fi dacewa da dare. In akwai inbata ko sola a gidan, shi kenan, a ja wa famfon layi.

Da wuta irin taku, ki tsaya a kan Discosoma da Sarcophyton da GSP. Gaɓar tekun Afirka ta Yamma ba ta da manyan duwatsun murjani, don haka kusan duk abin da ke shagunan Legas daga waje aka kawo shi, da kuɗin waje aka saye shi. Asararsa da ciwo.

Tambaya: Fitilata mai manhaja ta ƙi haɗuwa da Wi-Fi, alhali wayata na kai.

Amsa: Galibin irin waɗannan na'urori, har da soket masu aiki da manhajar Smart Life, zangon 2.4GHz kaɗai suke gani, wayarka kuma wataƙila tana kan 5GHz. Shiga saitin rauta ka raba su da suna daban-daban, ko ka kashe 5GHz na ɗan lokaci. Sa wayar a kan 2.4, kunna Bluetooth, ba manhajar izinin sanin wuri, kashe VPN, sannan ka sake haɗawa.

Tambaya: Malam, ni a Kano nake. Zai yiwu kuwa? Akwai na'urar da za ta sanar da ni a waya in ruwan ya yi zafi?

Amsa: Zai yiwu, Alhaji, amma zafi ne babban abokin gabarka. Murjani na son digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Selsiyus. In ruwa ya daɗe a wajen 30, sai ya kori gansakukar da ke ciyar da shi ya yi fari fat. Kai kuma ka san Afrilun Kano, 40 ba baƙo ba ne. Sai ɗaki mai AC da wuta tsayayya, ko na'urar sanyaya ruwa. Fanka mai hura saman ruwa tana rage ɗan zafi, musamman da yake iskarku busasshiya ce, amma ruwan zai riƙa ƙafewa gishiri ya yi yawa. Ciko da ruwan da aka tace da injin RO ake yi, ba da ruwan gishiri ba, ba kuma da na rijiyar burtsatse ba, kana auna gishirin ya tsaya a 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa.

Na'urar tana nan: Inkbird ITC-308 mai Wi-Fi. Kana jona fanka a soket ɗaya, hita a ɗayan don lokacin hunturu, ita ke kunnawa da kashewa, ta kuma turo saƙo in zafi ya wuce iyakar da ka sa. Amma saƙon ta rauta yake bi. In wuta ta tafi, na'urar da rautar duk sun mutu, wayarka ta yi shiru, kai kana kasuwa kana zaton lafiya. Don haka ka sa su biyun a kan inbata, ka kuma kunna sanarwar nan da ke gaya maka in na'ura ta sauka daga intanet. Kafin ka sayi murjani ko ɗaya, zuba ruwa a tankin, sa ma'aunin, ka bar shi ya ratsa bazara guda kana duba jadawalin zafin a manhaja. In bai taɓa haura 28 ba, je ka sayi Discosoma ɗinka.