Tambaya da Amsa: Wane ne mataimakin bishop a da?

Tambaya: Malam barka da aiki. Maƙwabcina Kirista ya ce wai a Turai can da, mai zaman zuhudu a gidan ibada yakan zama mataimakin bishop, to yaya abin yake? Daga ɗanka a unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Yawwa ɗana, maƙwabcinka bai yi ƙarya ba. A shekarun 1300 zuwa 1500 manyan bishop da yawa (wato shugabannin limaman coci na yanki), musamman a Jamus, sarakuna ne masu ƙasa da sojoji, hidimar mulki ta cinye su, shi ya sa Paparoma kan naɗa musu mataimaki kuma sau tari daga cikin 'yan zuhudu irin mabiyan Faransis ko Dominik, waliyyan Kirista da suka kafa ƙungiyoyin zuhudu, ake ɗauko shi. Sai a ba shi sunan bishop na wani gari a Gabas da ya riga ya fita hannun Kiristoci, garin da galibi ko ganinsa bai taɓa yi ba.

Aikin kam shi ke yin sa, ƙauye ƙauye a kan doki, yana shafa mai a kan duwatsun sabon bagadi, wato teburin ibada na coci, yana naɗa limaman coci, yana ɗora wa yara hannu a ka. Wallahi ni mutanen nan suna burge ni, wahala tasu suna na wani.

Muƙamin na nan har yau. Ambroise Ouédraogo ma mataimaki ne a Yamai tun 1999 kafin ya zama bishop na farko a nan Maraɗi a 2001.