Tambaya da Amsa: Tsayawa a Gaban Jama'a a Yi Magana

Wasiƙun wannan makon yawancinsu daga waɗanda za su yi jawabi a bainar jama'a karo na farko suka fito. Ga huɗu daga ciki.

Tambaya: Ni ɗaliba ce. An ce in gabatar da jawabin minti biyar a gaban malamai da 'yan ajinmu. Da na miƙe tsaye sai muryata ta kama rawa, bakina ya bushe, gabana ya yi ta faɗuwa. Yaya zan yi?

Amsa: Malama, abin da kike ji aikin jiki ne, kuma yana da magani. Idan idanu da yawa suka yo kanki, ƙwaƙwalwa kan ɗauka akwai haɗari, sai jiki ya saki sinadarin adirenalin. Shi ke sa zuciya ta ƙara gudu, hannu ya ɗauki ɓari, yawu ya ragu har harshe ya riƙa manne wa ganɗa. Numfashi kuma sai ya koma sama-sama a ƙirji. Ita kuwa murya iska ce ke ɗauke da ita, in iskar ba ta isa ba dole ta yi rawa.

Saboda haka daga numfashi za ki fara. Kamar minti biyu kafin a kira ki, ki ja iska ta hanci kina ƙirga ɗaya zuwa huɗu, cikinki ya ɗago amma kafaɗunki na nan yadda suke. Sai ki fitar da ita ta baki a hankali kina ƙirgawa zuwa shida ko takwas. Ki yi haka sau biyar ko shida. Fitarwar a hankali ita ke lafar da bugun zuciya. Masu zuƙar iska da sauri-sauri jiri kawai suke jawo wa kansu. Ki kurɓi ruwa, ki ajiye sauran inda hannunki zai kai.

Idan kin tsaya, ki raba ƙafafunki daidai faɗin kafaɗa, kada ki ƙame gwiwoyi. Kada ki riƙe fallen takarda guda, domin ɓarin yatsu kaɗan sai ya sa ta yi ta karkarwa, na layin baya ma ya gani. Kati mai ɗan kauri ya fi. Ki zaɓi mutum uku, ɗaya a hagu, ɗaya a tsakiya, ɗaya a dama, ki riƙa kammala jimla guda kina duban ɗaya kafin ki koma ga na gaba.

Muna roƙonki abu ɗaya: kada ki buɗe da cewa a yi miki uzuri kina jin tsoro. Mafi yawan abin da ke faruwa a jikinki ke kaɗai kika san da shi, sai kin faɗa sannan za a fara neman alamarsa. Minti na farko ne ya fi wuya, don haka ki haddace jimloli biyun farko sarai, yadda baki zai furta su ko da hankali bai gama dawowa ba.

Tambaya: In rubuta jawabin duka in karanta, ko in haddace shi?

Amsa: Malam, duka biyun suna da illa ga sabon shiga. Mai karantawa kansa na sunkuye, muryarsa na tafiya a layi ɗaya, kuma da ya ɗago ya dubi mutane sai ya ɓatar da inda yake. Mai hadda kuwa kowace kalma tana rataye da wadda ta gabace ta, in ɗaya ta kuɓuce sai sauran su bi ta, ya tsaya cik.

Ga abin da muke ba da shawara. Ka fara da rubuta saƙonka a jimla ɗaya: me kake so mutane su tafi da shi? In jimlar ta gagara, jawabin bai nuna ba tukuna. Sannan ka fitar da manyan batutuwa uku, kowanne da misali ɗaya ko hujja ɗaya. A kan kati ka rubuta kalmomin tuni kawai, uku zuwa biyar ga kowane batu, da manyan baƙaƙe, ka sa wa katunan lamba ko da za su zube. Farko da ƙarshe kaɗai za ka haddace.

Bita kuma da murya ake yin ta, a tsaye. Wanda ya yi bita a zuci yakan ɗauka ya iya, sai ya buɗe baki ya ji jimlar ta fi ƙarfin numfashinsa. Ka ɗauki muryarka da waya ka saurara. Nan za ka ji yawan "eh" da "wato" da "ka gane" da kake cusawa. Maganinsu shiru: ka rufe baki na daƙiƙa biyu maimakon cike gurbin. A wurinka shirun zai yi tsawo, a kunnen mai sauraro kuwa nutsuwa ce.

Tambaya: Kullum lokaci ke ƙare mini ban kai rabin abin da na shirya ba.

Amsa: Ɗan'uwa, ka auna kanka. Ka karanta rubutunka da murya na minti ɗaya, ka ƙirga kalmomin da ka furta, ka ninka da mintocin da aka ba ka, shi ne yawan kalmomin da lokacin zai ɗauka. In minti 10 ne, ka shirya na minti 8, domin gyaran makirufo da tsayawa a yi tafi duk suna cin lokaci. Ka taƙaita gaisuwa da godiya, su ne ke cinye mintocin farko da kunnuwa suka fi buɗewa. Ka kuma ware tun a gida batun da za ka tsallake in an ɗaga maka hannu, don kada ƙarshen jawabin ya tafi a guje.

Gajarta ba ta rage wa magana daraja. A Getisbag ta Amurka a 1863, wani shahararren mai jawabi, Edward Everett, ya yi jawabin kusan awa biyu, Shugaba Abraham Lincoln ya biyo shi da na kusan minti biyu, kuma na Lincoln ɗin ne ake koyarwa a makarantu har yau.

Tambaya: Me ya sa makirufo ke yin ƙara mai kashe kunne idan na riƙe?

Amsa: Ƙarar tana tashi ne idan makirufo ya ɗauki sautin da ke fitowa daga lasifika ya sake mayar mata, abin ya yi ta zagayawa. Kada ki tsaya a gaban lasifika, kada ki nuna mata kan makirufon, kuma kada ki rufe kan da tafin hannu. A gindi ake riƙewa. Ki bar tazarar yatsu uku ko huɗu tsakaninsa da bakinki, ƙasa da leɓe kaɗan, don kada iskar harufa irin su "f" da "b" ta riƙa dukansa. In kin juya kai ki dubi wani gefen, hannun ya bi bakin, in ba haka ba rabin jimlar zai ɓace. Wajen gwaji kuma kada ki bubbuga shi ko ki hura masa iska. Ki isa wurin da wuri, ki faɗi jimlarki ta farko da irin muryar da za ki yi jawabin, wani ya tsaya a layin ƙarshe ya gaya miki ko yana ji.