Tambaya da Amsa: Injin Gwajinmu Ya Ƙi Sabuwar Kwamfuta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ma'aikaci ne a ɗakin gwaji na sashen gine-gine a wata kwalejin fasaha. Muna da injin gwada ƙarfin rodi da kankare, haɗe da tsohuwar kwamfuta mai Windows XP. A cikinta akwai wani kati da ke karɓar awo daga injin, manhaja kuma ta zana mana sakamakon a allo. Bana aka kawo sababbin kwamfutoci masu Windows 11, shugaban sashe ya ce a mayar da komai kansu. Mun sa manhajar ta shiga, amma da ta buɗe sai ta ce ba ta ga na'ura ba. Katin ma ya ƙi shiga ramin sabuwar. Kamfanin da ya ƙera injin ba ya amsa saƙo, ga ɗalibai sun kusa fara aikin kammala karatu. Ina mafita?
Daga wani mai karatu a jihar Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Don Allah kafin ka gama karanta amsar nan, je ka tabbatar ba a taɓa tsohuwar kwamfutar ba. Kada a goge ta, kada a kai ta sito, kada a ba wani ofishi aro.

Akwai dalilin da ya sa na fara da wannan. An taɓa kirana wani ɗakin gwaji a kan irin matsalarku, na tarar an riga an goge tsohuwar kwamfutar an miƙa wa mai buga takardu. Faifan manhajar yana nan cikin durowa, katin ma yana nan a naɗe cikin leda. Abin da ya tafi ɗan ƙaramin fayil ne mai ɗauke da lambobin saitin awo na wannan injin shi kaɗai. Na'urar jin nauyi da ke jikin injin ba ta san kilo ba, 'yar wuta kawai take fitarwa, kuma lambobin nan ne ke fassara wutar zuwa nauyi. Na tsaya ina kallon allon yana nuna lambobi marasa ma'ana, mai kula da ɗakin yana gefena ya yi tagumi. Injin ya yi watanni a rufe da tampol kafin a samu kuɗin kiran masu saita awo.

Yanzu ga abin da ya hana naku aiki. Abubuwa uku ne ke aiki tare: katin, manhajar da kake gani a allo, sai direba a tsakaninsu, wato 'yar manhajar da ke yi wa Windows tafinta da katin. Manhajarku ta zamanin XP kusan tabbas mai bit 32 ce, wato tsohon tsarin rubuta manhaja da ya gabaci na bit 64, kuma Windows 11 na iya tafiyar da irinta, shi ya sa ta buɗe. Direba kuwa ba a yi masa wannan sassauci ba, domin a can cikin zuciyar Windows yake zama. Windows mai bit 64 ba ya ɗaukar direba mai bit 32 ko kaɗan, kuma Windows 11, tun fitowarsa a 2021, mai bit 64 ne kawai. Ƙari a kan haka, tun zamanin Vista, Windows mai bit 64 ba ya amincewa da direban da ba shi da sa hannun tantancewa. Na san wani zai ce maka ka danna manhajar ka zaɓi ta yi aiki tamkar a kan XP take. Wannan zaɓi manhajar kawai yake lallashi, ba ya kaiwa ga direba.

Batun rami kuma, kada ka tilasta shi. In katin naku mai shiga dogon farin rami ne, PCI ke nan, wanda ya fito a 1992. Sababbin kwamfutoci PCI Express suke da shi, suna ne kawai ya yi kama, amma ƙira da yadda bayanai ke gudu daban ne. Ana sayar da mahaɗi tsakanin biyun, wani lokaci ya yi, wani lokaci ya ƙi. Ko ya yi ma, matsalar direba tana nan daram.

Matasa masu gyara za su kawo maka shawarar VirtualBox ko VMware, a sa XP ya zauna a cikin Windows 11 kamar ɗan haya. Dabara ce mai kyau ga na'urar da ke shiga ta USB ko ta tsohuwar kafar siriyal, domin ana iya miƙa wa XP ɗin waɗannan kafofi kai tsaye. Katin da ke soke a cikin kwamfuta kuwa, ɗan hayan ba zai gan shi ba. A Linux, wato wani tsarin kwamfuta daban da Windows, ana iya miƙa shi ta hanyar manhajar KVM idan kwamfutar na da fasahar VT-d da ke ba da damar hakan, amma aiki ne na gwani, ba zan ɗora shi a ɗakin da ɗalibai ke layi ba.

Abu guda ya cancanci ka duba. Kashe kwamfutar, cire wayar wuta, ka buɗe murfin ka karanta sunan da ke jikin katin. Sau da yawa masu ƙera injin sayo katin suke yi daga wani kamfani, irin su National Instruments ko Advantech, kuma mai yiwuwa akwai sabon direba. Sai dai nan ma da ƙura. National Instruments sun fito da sabon direba mai suna DAQmx a 2003, tsohon kuma ba ya aiki a Windows mai bit 64. Manhajar da aka rubuta don tsohon ba ta jin yaren sabon sai an sake rubuta ta, kuma asalin rubutunta yana hannun kamfanin da ba ya amsa muku.

Saboda haka ga ra'ayina, kuma na tsaya a kansa: a bar injin da kwamfutarsa. Ka fahimtar da shugaban sashe, cikin ladabi, cewa wannan ba kwamfutar ofis ba ce, wani sashe ne na injin, kamar famfon mai da ke matsa kankaren. Damuwarsa tana da tushe. Microsoft ta daina kula da XP tun 8 ga Afrilu 2014, kuma a Mayun 2017 duniya ta ga yadda bairos ɗin WannaCry ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Amma bairos sai ya samu ƙofa yake shiga. Ƙofofin biyu ne, intanet da filashin ɗalibai. Cire wayar intanet gaba ɗaya. Ware filashi guda na ɗakin, kai kaɗai ke soka shi, ka kwashe sakamako zuwa sabuwar kwamfuta, ɗalibai su ɗauka daga can. Kun ga sabuwar ma ta samu aikin yi. Kada kuma a ce a koma Windows 7 ko Windows 10 mai bit 32 don tsaro, na farkon an daina kula da shi a Janairun 2020, na biyun a Oktoban 2025.

Tsufa shi ne abin tsoro na gaske, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A makon nan ka sa a kwafe faifan ajiyar baki ɗayansa da manhaja irin Clonezilla, wadda kyauta ce. Ba kwafar fayiloli ɗai-ɗai nake nufi ba, hoton faifan dungurungum. Yi kwafi biyu, ɗaya ya kwana a wani gini. Sannan a nemi kwamfuta ta hannu mai samfuri iri ɗaya sak da taku, a kasuwar kayan kwamfuta ta nan Kano ko Computer Village da ke Ikeja. Na ce iri ɗaya domin XP kan ƙi tashi idan aka mayar da faifansa kan wani babban allon cikin kwamfuta (motherboard) daban. A ɗora kwafin a kanta, a soka katin, a matsa kankare ɗaya a gani da ido, sannan a ajiye ta. Kwafin da ba a gwada ba, ban yarda da shi ba.

Tun da ka buɗe murfin, hure ƙurar hunturu da ta toshe fanka. Duba ƙananan gwangwanayen (capacitor) da ke tsaye a kan babban allon ciki: kan lafiyayye a shafe yake, wanda ya kumbura ko ya tsiyayo da wani abu mai ruwan ƙasa ya kusa mutuwa, kuma mai gyaran rediyo na iya canja shi. Canja ɗan batirin agogo mai kama da kwabo, CR2032, amma ka fara ɗaukar hoton saitin BIOS, wato saitin tashin kwamfutar da batirin ke riƙewa, da wayarka. A sa mata UPS, saboda ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta fayil yana lalata faifai. Idan ka ga wani ɗan makulli a soke a kafar firinta ta baya, lasisin manhajar ke nan, kula da shi kamar ƙwai. Mahaɗin USB na firinta ba ya karanta irinsa.

Tsofaffin sakamakonku kuma ku fitar da su zuwa CSV, wanda Excel ke buɗewa, tun manhajar na numfashi. A kasafin baɗi ku nemi sabuwar na'urar karɓar awo mai USB da manhajarta. Ƙarfen injin zai iya ƙara shekaru masu yawa. Amma duk ranar da aka canja katin, dole a sake saita awon bisa ISO 7500-1, ƙa'idar duniya ta tantance irin waɗannan injina, kafin a ba kowa sakamako, domin da lambar da kuka rubuta wani zai zuba kankaren bene.

TAMBAYA: Injiniya, sikelin awon hatsi na wurin aikinmu yana da kafa mai tsinke tara, sabuwar kwamfuta ba ta da irinta. Na sayi wayar USB mai haɗawa, amma manhajar ba ta ganin sikelin.
Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Malama, naki da sauƙi in sha Allahu. Wannan kafa RS-232 ce. Windows kan ba wayar lamba kamar COM7, alhali tsofaffin manhajoji da yawa COM1 zuwa COM4 kawai suka sani. Shiga Device Manager, nemo wayar, ki mayar da lambarta COM1 ko COM2. Sannan ki daidaita saurin aikawa da abin da littafin sikelin ya ce, galibi 9600. Idan kin ga alamar rawaya kusa da sunan wayar, direba ya ƙi ta, kuma hakan ya fi faruwa da tsofaffi ko jabun wayoyi masu guntun lantarki samfurin PL2303 a ciki. Ki nemi mai guntu samfurin FTDI. In duk wannan ya yi daidai amma shiru, to sikelin na son waya mai musayar tsinke na 2 da na 3, mai gyara zai haɗa miki ita cikin minti goma.