Aku a Magana Jari Ce: shin akwai asirin da aka ɓoye mana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen Hausa. Na karanta littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam na ji daɗinsa, amma wani ya rubuta a Facebook cewa Aku yana nufin Bature mai juya sarakuna, kuma kowace dabba a littafin alama ce ta wani asiri da sai masana ke ganewa. Ni ban ga ko ɗaya ba. Hankalina ya tashi, ga jarrabawa ta matso. Ko dai ban iya nazari ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki 'yata, karatunki lafiya lau yake. Wanda ya rubuta miki wannan shi ne ya kamata ya koma ya buɗe littafin.

Wannan cuta kullum ina fama da ita a aji: a ɗauka kowane labari akwati ne a kulle, makullinsa na aljihun wani. Zaki mulki, fari alheri, baƙi sharri, wuƙa mutuwa, a haddace a juye a takardar jarrabawa. Masu haɗa 'yan takardun taƙaitawa suna sayarwa a bakin makaranta sun taimaka ƙwarai wajen yaɗa ta, yanzu kuma ga manazartan waya, waɗanda sai magana ta yi kama da tonon asiri suke samun masu bibiya. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ɗalibi mai basira ya daina yarda da idonsa. Ya karanta labari, ya gane shi sarai, sannan ya ajiye ganewarsa ya tafi neman ta wani.

Mu ɗauki Akun. Me ya yi a littafin? Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi, Waziri na ƙulla wa ɗansa Musa makirci, Aku ya riƙa tsare yaron da labari dare bayan dare har haɗarin ya wuce. Ba shi da takobi, ba shi da dakaru, harshe kawai gare shi, da shi kuma ya kai ga kujerar waziri. Ma'anarsa tana nan cikin aikin da ya yi, a fili. Sannan tsarin aku mai hana mutum fita da dare ta hanyar ba shi labari tsoho ne a adabin Indiya da Farisa, ƙarnuka kafin Bature ya taka ƙasar Hausa. Abubakar Imam aro ya yi, kamar yadda ya aro daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus, ya ɗinka musu rigar Hausa.

Ban ce a rufe ido ga zamanin ba. A Zariya Imam ya rubuta littafin a 1936, tare da Dokta Rupert East na Hukumar Talifi, don karatun 'yan makaranta, aka buga shi kashi uku daga 1937. Wanda zai yi nazarin tasirin mulkin mallaka a kansa yana da filin noma babba. Amma sai ya nuna mana shafi, ya nuna jimla, ya ce ga inda Aku ya yi abin da ya sa na faɗi haka. In babu wannan, zato ne kawai.

Dubi wuƙar da ke labarin Kalala da Kalalatu. Kalalatu, matar Kalala, ta cinye kajin da aka soya don baƙo. Mai gida na can yana wasa wuƙa don yanka nama, sai ta raɗa wa baƙon cewa kunnuwansa za a yanke. Ya zura da gudu, ita kuma ta ce wa mijin baƙo ya gudu da kajin. Mijin ya bi shi da wuƙa a hannu yana roƙon a bar masa ko guda ɗaya: shi kaza yake nufi, baƙon kuwa kunne yake ji. Wuƙa ɗaya ce, amma harshen Kalalatu ya mayar da ita abu biyu. Wanda ya haddace cewa wuƙa mutuwa ce ya yi asarar labarin gaba ɗaya. Wanda ya bi ta a hankali zai ga makamin Aku ne a bakin Kalalatu, shi ya ceci rai da shi, ita ta rufe kwaɗayinta.

Don haka kafin jarrabawa zaɓi labarai uku ko huɗu. A kowanne ki kama abu ɗaya da ya yi ta dawowa, ki rubuta inda ya fara bayyana, hannun wa ya shiga, da abin da ya sauya saboda shi. Ki kuma duba dalilin da ya sa Aku ya ba da wannan labarin a daidai wannan lokacin, da wanda yake ba wa, domin rabin ma'anar a nan take. Abin da kika samu ki kafa shi da hujja daga matanin, ko da ya saɓa wa takardar da ajinku ke haddacewa.